Dokin da Ba a Duba da Almuru Ba

Mahaifina dillalin dawaki ne a Jibiya, ni kuma 'yarsa ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunana ba. "Ke" yake ce mini, ranar da ransa ya yi fari ya ce "ɗiyar nan". Doki kuwa sai ya wuni yana shafa wuyansa yana yi masa magana kamar abokin hira. Na daɗe ina kishin dabbobin nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Shi kansa ba shi da doki ko ɗaya. Jarinsa bakinsa ne. Mutanen Maraɗi masu shigo da dawaki ta Magama, da masu zuwa saye daga Katsina da gaba da nan, duk a bayan gidanmu suke haɗuwa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. In Baba ya ce kuɗin dokin nan kaza ne, magana ta ƙare. Mai sayarwa ya yi gunaguni, mai saye ya yi gunaguni, sannan su haɗu su ba shi la'adarsa. Ya ce ranar da ɗayansu ya tashi yana murna, to ya zalunci ɗayan.

Ta wata kafa a katangar madafa nake leƙensa tun ina yarinya, har na haddace yadda yake aikin. Ba ya fara taɓa doki. Sai ya zauna nesa yana gaisawa da mutane kamar bai san da dabbar ba, alhali idonsa na kan ƙafar da take yawan hutarwa. Daga nan ya tashi ya duba kashin da ta yi. Ya buɗe baki ya karanta haƙora, don akwai 'yan damfara masu goge wa tsohon doki haƙori ya koma saurayi. Ya bi ƙafafu da tafin hannu yana neman zafi ko kumburi, ya ƙwanƙwasa kofato, ya danna gadon baya inda sirdi ke zama. Ya ɗaga wutsiya, in dokin ya bari ta tashi ba gardama, sai ya taɓe baki. Sannan a ja shi ya tafi ya dawo, a hau a yi sukuwa, shi kuma ya kara kunnensa a haƙarƙari ya saurari numfashi. Bayan duk wannan ne zai kawo launi, da asali, da horo, da tsadar harawa a shekarar, da yadda sefa ke wasa da naira a makon.

Amma ba ya yanke kuɗi sai rana ta faɗi. Wannan ce ɗabi'ar da ta sa masu gaggawa ke jin haushinsa. Da almuru, lokacin da ido ya fara rikita fari da baƙi, zai aiko a karɓi taɓaryar Inna, ya shimfiɗa ta a ƙasa, a jawo dokin ya tsallake. Mai lafiyar ido zai ɗaga ƙafa. Mai dundumi, wato wanda ganinsa ke mutuwa da zarar haske ya ragu, sai ya yi tuntuɓe da ita. Irin wannan dokin da rana ba ka raba shi da lafiyayye, ko kai wane ne. Inna ta sha yin mita, ta ce taɓaryarta ta fi sanin kofato a kan gero.

Mijina ɗan kasuwar hatsi ne, yana kuma noma wata gona ta gado a wajen Bugaje. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Abu ɗaya ke fitar da shi daga hayyacinsa, shi ne doki. Wata shekara da kaka ta yi kyau ya tsallaka Nijar ya dawo da wani jan doki mai farin goshi, dogo, wuyansa kamar an zana. Ya zuba masa kusan duk abin da ya tara. Na ce masa, mutum yana da surukin da ake zuwa daga wata ƙasa neman idonsa, amma ya je ya yi cinikin biri a sama? Ya ce ina shi ina tsayawa gaban Baba ana maganar kuɗi. Gaskiya ce kuwa. Ko a hanya ya hango Baba, sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, su gaisa kowa na kallon wani wuri. Baba ma bai taɓa cewa a kawo masa dokin ya gani ba. In an yaba dokin a gabansa, sai ya ce Allah ya sa albarka, ya kawo wata maganar.

Dokin ya yi suna. Ana hayarsa hawan angwanci, ya ci sukuwa a ƙauyuka, yara na bin sa da gudu in an fita ƙilisa. Ni ce mai jiƙa masa dusa da kanwa, ina yi ina zaginsa, don ya fi ni samun kulawa a gidan.

A shekarar da aka rufe boda, kasuwa ta mutu tsaye. Direbobi da 'yan dako suka cika bakin titi suna zaman jiran tsammani. Hatsi ba ya fita, kuɗi ba ya shigowa. Daji kuma ya riga ya lalace, kowa ya san gonar nesa ta zama ta masu bindiga. Na hana mijina zuwa Bugaje har bakina ya gaji. Ya ce gero ya nuna, in bai yanko ba me za mu ci. Ya tafi a kan babur da hantsi. Babur ɗin kawai aka samu a bakin gona, an kwantar da shi a kunya, hularsa na gefe.

Kwana biyu bayan haka masu bindigar suka kira ƙanensa a waya. Na ji muryar mijina a bayansu, yana cewa a yi haƙuri, kamar shi ya yi wa wani laifi. Kuɗin da suka fara yankawa linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza. Ƙanen ya yi ta roƙo suna zaginsa har suka sauko, suka ce a kai kafin Juma'a, in ba haka ba mu zo mu ɗauki gawa, in mun ga dama. Muka sayar da buhunan da suka rage, da awakina, da 'yan kunnena, da gadon da aka kawo ni da shi. Dangi suka kawo abin da ya sawwaƙa. Gonar kuwa ko kyauta ba mai karɓa. Da aka haɗa, abin da ya rage babba ne, kuma kowa ya san inda zai fito. Ido duk ya koma kan turke.

Sai ga saƙo daga wani tsohon abokin cinikin Baba, wanda a gidanmu muke kira Alhajin Maraɗi. Tun ina goye yake zuwa gidanmu, yakan kawo mana cuku da dabino, yana tsokanar Baba cewa nairarmu ganyen bedi ce. Ya ce ya daɗe yana sha'awar jan dokin nan, zai shigo ta ɓarauniyar hanya ranar Laraba, in Baba ya duba ya faɗi kuɗi zai biya nan take. Na yi sujada a tsakar gida da jin wannan labari.

Ranar Talata da safe muka kai dokin gidanmu. Baba na zaure yana jan carbi. Bai fita ya dubi dokin ba, abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ga doki nan an kawo.

Ya ce, "Ke, dokin ga dundumi gare shi."

Na ce, "Baba ko taɓa shi ba ka yi ba."

"Ba sai na taɓa ba. Tun zuwanshi nike ganin yaron nan in magariba ta ishe shi waje, sai ya sauka ya jawo shi da ƙasa. Mai son hawa irin nashi ba ya sauka banza."

Na tuna yadda mijina ke shigowa da ragama a hannu, ƙafarsa duk ƙura, yana ce mini yana tausaya wa dabbar ne. Ashe ya sani. An cuce shi a ciniki, kunya ta hana shi faɗa, don kada magana ta je kunnen surukinsa. Surukin kuma ya gani, kunya ta hana shi buɗe baki. Shekara da shekaru suna durƙusa wa juna a kan hanya, kowa ta ciki na ciki. A lokacin, wallahi, da zan iya haɗa kawunansu in gwara da na yi.

Na tambaye shi nawa dokin zai yi in aka faɗi aibinsa. Ya ce da ƙyar ya kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muke nema.

Na ce, "Wa ya sani bayan kai?"

Ya ce, "Allah."

"Allah ya san kuma inda mijina yake kwana."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce masa ya yi shekaru yana kare kuɗin baƙi, yau ran uban jikokinsa ne a kan turke. Na ce ban roƙe shi ya yi sata ba, taɓarya kawai zai bari a madafa yini ɗaya. Na ce Alhaji mai arziki ne, in ya yi asarar doki ɗaya ba zai kwana da yunwa ba, ni kuwa in Juma'a ta wuce takaba zan shiga. Inna ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah, na ce ta bar ni. Baba ya ci gaba da jan carbinsa, idonsa a kan tabarma. Da na gaji na tashi, sai ya ce a ba dokin ruwa, kada a cika masa dusa.

Alhaji ya iso Laraba da hantsi a bayan wani ɗan acaɓa, babbar rigarsa ta yi buɗu-buɗu. Ya jajanta wa Baba a gajarce, Baba ya amsa a gajarce, suka fita gindin bedi. Ni kuma na koma kafar katangar nan da na bari tun kafin aure, yanzu sai na sunkuya nake iya leƙawa.

Baba ya yi aikinsa bai rage komai ba. Ya karanta haƙora ya faɗi shekarun dokin. Ya bi ƙafafu, ya nuna wa Alhaji wani tsohon tabo a gwiwar baya, ya ce na dabaibayi ne, bai shiga ƙashi ba. Ya ƙwanƙwasa kofato. Ƙanen mijina ya hau ya yi sukuwa har bakin gonaki ya dawo, Baba ya kara kunne, ya ce ƙirjin nan lafiyayye ne. Duk gaskiya ya faɗa. Dokin kuma kamar ya san abin da ake ciki, ya riƙa taku yana kaɗa wuya, fatarsa na sheƙi a rana. Sannan Baba ya faɗi kuɗi, daidai abin da lafiyayyen doki irinsa zai yi, bai ƙara ko sisi ba. Da shi kuɗin fansa sun cika.

Alhaji bai yi tayi ba, bai nemi ragi ba. Ya yi dariya ya ce, "To, sai mu jira magariba. Ina taɓaryar taka?"

Taɓaryar na jingine kusa da ƙafata.

Baba ya ce, "Wanga ba ya buƙatar taɓarya. Idonshi lahiya lau. Ka kama hanya tun da sauran rana, dajin ga ba na dare ba ne."

Alhaji ya ce, "In kai ka ce, ai an gama."

Ya ciro sefa daga cikin riga, aka kira mai canji. Baba ya kwance ragamar mijina ya ajiye, don ba a sayar da dabba da igiyarta, ya ɗaura wadda Alhaji ya zo da ita, ya miƙa masa da hannunsa. La'ada kuwa ya ƙi karɓa. Alhaji ya zaci don dokin na gida ne ya ƙi. Da suka tafi, Baba ya shigo ya wuce ni a tsakar gida bai dube ni ba, ya ɗauki buta.

Ƙanen mijina ya kai kuɗin ranar Alhamis. Asabar da yamma aka tsinci mijina a bakin hanyar Farfaru, ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura, sawun sarƙa a idon sawunsa. Ya rame har sai ta murya na fara gane shi. Na yi kuka, na yi dariya, na dafa masa kunu ya kasa sha. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya dubi turke ya ga wayam, sai ya tambaye ni wa ya yi wa dokin kuɗi. Na ce Baba. Ya tambayi nawa, na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuska bango. Bai sake tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

Labarin Alhaji wani direba ne ya kawo shi bayan kwanaki. Baba ya yi lissafin cewa zai tsallaka ya isa ƙauyen da mota ke jiransa kafin rana ta faɗi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne motar sintiri. Alhaji ya hango ta a kan hanya, ya raɓe a wata ruga har ta tafi, kuma ba ta tafi ba sai da aka kira magariba. Ya hau ya saki linzami don ya cike lokacin da ya ɓata, tunda an ce masa ido lafiya lau. Dokin ya afka da shi cikin kwazazzabo. Ƙafar dokin ta gaba ta karye, aka yanka shi a wurin. Alhaji kuma ƙugunsa ne ya tafi.

Muka zauna jiran sammaci, ko zagi, ko a aiko a ce a mayar da kuɗi. Ba abin da ya zo. Baba ya yi niyyar zuwa dubiya ya fasa, ya sake yi ya fasa. Ya rage cin abinci. Ni kuwa, ba zan yi ƙarya ba, in na ga mijina zaune yana ɓare wa yara gyaɗa, ba na jin da-na-sani. Tausayin Alhaji nake ji, da tsoron haɗa ido da Baba, amma da za a mayar da ni Talatar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Bayan an buɗe boda, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ina can na kai wa Inna cefane. Mutum biyu suka ciccibo Alhaji suka shigo da shi zaure, da sanduna biyu a hammatarsa, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Ya tsufa a 'yan watannin nan fiye da yadda ya tsufa a duk sanina da shi. Ya zo da cuku da dabino kamar kullum. Ya ce barka da arziki ya zo yi, a kira masa yaron da aka sako.

Mijina ya zo ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa. Ni ina bayan labule da kwanon ruwa. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, a hankali, ya ce ya matso, ya kama hannunsa ya juya, ya dubi tabon sarƙar.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kuɗɗina ba su tahi banza ba."

Baba ya buɗe baki zai yi magana. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Bari, Malam. Ba shari'a ta kawo ni ba. Abu guda ni ke son ka sani. Ni ina da dawaki, mi zan yi da wani ana cikin wanga hali? Na ji abin da ya samu surukinka. Na san in na aiko maka kuɗɗi hakanan, maido mani za ka yi. Shi ya sa na ce doki nike so."

Na fito daga bayan labule da kwanon ruwan.

Alhaji ya ce, "Da ka ce mani dundumi gare shi, wallahi haka zan biya, ban rage ko dala. Sai dai in sauka in jawo shi da ƙasa."

Baba ya dubi sandunan nan biyu da ke jingine da bango, ya dubi tabarma. Mijina na durƙushe, kansa a ƙasa. Alhaji ya karɓi ruwan ya sha, ya tambaye ni yara, ya tsokane ni cewa na yi ƙiba, na kasa ko murmushi. Da zai tafi, Baba ya ture mutanen nan biyu, ya shiga ƙarƙashin hammatarsa da kansa, tsoho na ɗauke da tsoho, har bakin mota. Ya tsaya a titi har motar ta ɓace wajen Magama.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ina gidan. Da la'asar wasu baƙi suka yi sallama daga gindin bedi, ina jin dokinsu na buga ƙafa. Inna ta miƙa hannu ta jawo taɓarya ta jingine a bakin ƙofa, yadda ta saba, don kada a zo nema tana tsakiyar aiki. Baba na zaune a tsakar gida, bai motsa ba. Suka sake sallama.

Ya ce, "Ke, je ki ce masu mai duba doki ba ya nan."